Kilo Arba'in da Bakwai

Sana'ata sayen takarda, ba karanta ta ba.
In aza a sikeli, in biya, in ɗaure,
gobe ta zama rigar tsire a Obalende
ko mazubin gyaɗa a ƙarƙashin gadar Oshodi.

Ranar Talata, ana tsuga ruwa a Ebute Metta,
Mama Folaranmi ta yafito ni daga bene.
"Kwashe," ta ce, "gara ta riga ka farawa.
Na marigayi ne, shi da abokan haukarsa."
Buhu uku. Kilo arba'in da bakwai.
Ban taya ba, ba ta ja ba.

A shago na kwance bakin buhu
sai wari ya buge ni,
ba na funfuna kaɗai ba,
akwai na jemage a ciki, tsoho, mai nauyi.
A Ikko?
Garin da in ka haƙa kamu uku
ruwa zai ce maka sannu da aiki?

Hansatu ta dawo daga makaranta a Yaba,
ta tsuguna da jakarta a baya.
"Baba, wata ƙungiya ce ta masu shiga kogo.
Ma'aikatan reluwe, likita, malamai biyu.
In hutu ya zo su hau jirgi su yi arewa,
su bar rana a waje su bi duhu."

Ga taswirori da fensir, kamar hanjin rago.
Ga lissafin igiya, gaba talatin.
Ga rasit na kananzir.
Ga inda aka rubuta: nan sai da rarrafe.
Ga inda hannu ya yi rawa:
fitilar Adekanmbi ta mutu, mun zauna, mun ji numfashin juna.

Kowane shafi da sunayensu a jere,
a ƙasa kuma, in ji Hansatu,
"da wani ɗan jagora."
Wani.
Shekara tara yana gaba suna baya,
bai taɓa wuce wani ba.

Ni na gano shi.
Boko ya fi ƙarfina, amma a gefen shafi,
da tawadar da ba irin tasu ba,
ajami ya kwanta a karkace kamar sawun ƙadangare:
Mun shiga mu bakwai, mun fito mu bakwai.
Ilu Maijemage ya rubuta.
Hansatu ta karanta tsakiya, ni na karanta gefe,
sai ga littafin ya cika.

Ashe da safe yarona ya riga ya sayar da kilo biyu.
Na hau danfo da hula a hannu.
Ɗanjuma mai tsire ya dube ni ya yi dariya:
"Sallau, yau takarda ce ta sayi mai ita?"
Na fanso abin da ya rage, ninki biyu.
Shafi ɗaya na ƙwato daga hannun wani direba,
mai ya huda shi, yaji ya zauna
daidai bakin kogo na huɗu.
Shafi goma sha ɗaya sun tafi.
Wani ya lashe yatsa ya jefar da hanyar fita.

Yanzu suna cikin adakar uwargida,
bisa bulo huɗu, don ambaliya ba ta sallama.
Kafur a kusurwa, ganyen darbejiya a tsakani.
In rana ta leƙo mu shanya su a kan kwano,
Hansatu na ɗauka da waya, shafi bayan shafi,
ni ina korar kaji.

Mama Folaranmi ta zo ranar Lahadi.
Ta daɗe a kan wata taswira.
"Nan yake zuwa ke nan," ta ce,
"ni ina ta fushi."

A jikin murfi na sa an rubuta sunaye bakwai.
Mai fenti ya tambayi wa zai fara.
Na ce wanda ke riƙe da fitila.